Yakuwar Daw Mya Yin

Shekara talatin da ɗaya U Kan Nyunt ya yi yana shugabancin wata 'yar tashar jirgin ƙasa a arewa da Shwebo, kuma ba a taɓa jin ranar da ya makara ba. Jirgi ya makara, fasinja ya makara, damina ma ta makara, amma ban da shi. Agogo biyu yake yawo da su, ɗaya a hannu ɗaya a aljihu, don su riƙa sa wa juna ido. Shi ya sa da aka ji wai zai hau tudun Sagaing ya yi kwana goma yana zaman natsuwa, inda ake koya wa mutum tafiya kamar mai ciwon baya, sai da duk unguwa aka yi dariya.

Ba ra'ayinsa ba ne, ra'ayin 'yarsa Nwe Yi ne. Matarsa Daw Mya Yin za ta cika shekara da rasuwa, Nwe Yi kuwa ta riga ta kama ranar a gidan zaman natsuwar: ita za ta ciyar da masu zaman duka abincin rana, ladan ya tafi ga uwarta, kuma tana so ubanta ya kasance cikin masu ci. Ranar ta faɗo a kwana na bakwai cikin goman.

Akwai kuma maganar yakuwa. Daw Mya Yin tana da wani soyayyen ganyen yakuwa da take yi da tohon gora da busasshen jatan lande da barkono, wanda in ta ɗora shi har maƙwabta sai sun sami dalilin shigowa aron tsintsiya. Tun da ta rasu Nwe Yi take ƙoƙarin fitar da irinsa. Ta canja kasuwa, ta canja mai, ta bi gwaggonni da innoni da tambaya. Kowane karo uban zai ɗebi loma ɗaya, ya tauna, ya ajiye cokali.

"Da daɗi," zai ce. "Amma ba shi ba ne."

Ranar da take haɗa masa kaya ta ce, "Baba, ranar cikar shekara zan yi na ƙarshe. In ka ci ka ce ba shi ba ne, na haƙura, ba zan ƙara ɗora yakuwa a wuta ba. Na gaji da kuka a gaban murhu."

Ya ce to. Abin ya taɓa shi, amma shi ba mutum ba ne da ya iya nuna irin wannan, don haka sai ya tambaye ta ko ta sa masa man shafawa na gwiwa.

A bakin ƙofar gidan, wajen da ake karɓar agogo da waya a rubuta suna, ya ji wata murya da ya fi shekara arba'in yana fama da ita.

"Af! Yallaɓai mai tasha! Kai ma an kawo ka gyara?"

U Sein Pu ne, ƙanin marigayiyar, mai shagon shayi a bakin kasuwa, gajere mai tumbi, wanda bakinsa ba ya rufuwa sai in yana haɗiya.

"Gajere, me ya kawo ka? Wa ka bar wa shagon?"

"Yayata ce fa. Ni na riga ka saninta da shekara ashirin."

"Kwana goma ba magana. Kai in ka kai gobe da yamma bakinka bai fashe ba, a canja min suna."

"Ni magana ce ciwona, sai in yi shiru. Kai kuwa sai an ɗaura maka turmi a ƙafa. Mutumin da ko banɗaki da gudu yake shiga!"

Matar da ke rubuta suna ta ɗago kai ta ɗora yatsa a baki. Daga nan shiru ya fara aiki.

Tsarin wurin ba shi da wahalar ganewa, wahalarsa a jiki take. Farar riga, zane ruwan ƙasa. Awa ɗaya a zaune ana lura da ciki yana tashi yana sauka, awa ɗaya a tafe ana lura da ƙafa. Duk abin da ya taso sai mutum ya ambace shi a zuci: in ya ji ƙara ya ce ji, ji, in tunani ya zo ya ce tunani, tunani, in yana tafiya ya ce ɗagawa, miƙawa, ajiyewa. Ƙarfe goma da rabi a buga kututturen da ke zaman ƙararrawar gidan a tafi cin abinci. Da zarar sha biyu ta buga kuwa, baki ya rufu ke nan sai wayewar gari, ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba ta wucewa.

Babban malamin wurin, wanda kowa ke kira Sayado, wani tsoho ne siriri mai tabarau da aka ɗaure wa hannu ɗaya da zare. A jawabinsa na farko ya ce, "Ku duba da kyau. Akwai ɗagawa, akwai miƙawa, akwai ajiyewa. To ku nemo min mai ɗagawar. Buddha ya ce ya duba bai gan shi ba. Ni ma shekara hamsin ina leƙe. Duk wanda ya kama shi ya kawo min in gaishe shi."

Kwana biyun farko U Kan Nyunt ya sha azaba. Gwiwa ciwo, baya ciwo, kuma ya rasa gane amfanin tafiyar da ba ta kai mutum ko'ina. Amma shi mai lura ne. Ya ga wata tsohuwa 'yar ƙarama da ke cin kusan rabin awa daga zauren zama zuwa gindin mangwaro, ya kuma ga yadda masu hidimar wurin ke kauce mata hanya da ladabi. Sai ya yi lissafi irin na ma'aikacin jirgi: ashe a nan ma akwai jadawali, sai dai a kife yake. Wanda ya fi jinkiri shi ne a gaba.

Da ya waiga ya ga Gajere ma ya gano zancen, har ya fara jan ƙafa yana lumshe ido, sai ransa ya ɓaci. Ya ce a zuci, fushi, fushi. Bai tafi ba. Ya ce, Gajere, Gajere. Sannan ya rage gudu.

Haba! Daga ranar ba a ƙara zaman lafiya ba. In U Sein Pu ya raba taku ɗaya gida huɗu, U Kan Nyunt zai raba nasa gida biyar. In wannan ya ɗauki minti ɗaya yana kai kofi baki, wancan zai ɗauki biyu, har ruwan ya yi ɗumi a hannunsa. Ba wanda ya kalli wani kai tsaye, da wutsiyar ido ake komai.

Kowane kwana biyu ana shiga wajen Sayado rukuni-rukuni a ba da rahoto, nan ne kaɗai aka yarda a buɗe baki, kuma rashin sa'a ya haɗa su rukuni ɗaya. A kwana na huɗu U Sein Pu ya yi gaisuwa sau uku ya haɗa tafuka.

"Ranka ya daɗe, jiya ina zaune sai na ji hannuna na hagu ya ɓace. Babu shi sam."

"To," in ji Sayado. "Ka lura da shi. Ɓacewa, ɓacewa."

U Kan Nyunt bai ma jira an kira shi ba. "Ni hannu biyu ne, ranka ya daɗe. Har da ƙafa ɗaya."

"Wacce ta rage?"

"Ta dama, ranka ya daɗe."

"To ka lura da ita, kar ita ma ta bi su."

A kwana na shida ya shirya tsaf. Ya bar Gajere ya gama ba da labarin wani haske da ya gani mai kama da fitilar shagonsa, sannan ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, na duba. Babu ni. Kwata-kwata, fanko ne. Abin ya faru yau da safe ƙarfe tara da minti goma sha huɗu, na duba agogon bango. Ina roƙo a rubuta, don a rukunin nan ni na fara."

Sayado ya cire tabarau ya goge da gefen mayafinsa. "A rubuta da sunan wa?"

"U Kan Nyunt, ranka ya daɗe. Tsohon shugaban tasha."

"Madalla. In ka sake haɗuwa da shi ka ce ina gaishe shi."

Ya fito yana jin daɗi, don a ganinsa yabo ne.

Sai dai gasar tana da tsada, kuma a ciki ake biyanta. Daga zauren zama zuwa ɗakin cin abinci taku ɗari da ashirin ne, shi ya ƙirga da kansa. A kwana na huɗu su biyun sun isa sha ɗaya da minti ashirin. A na biyar, sha ɗaya da talatin da biyar. A na shida sun tarar an kwashe kifi, suka ci farar shinkafa da romon kabewa, kowa yana tauna a hankali yana jin tsanar ɗan'uwansa. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana lissafin isowar jirgi ya kamata ya san inda wannan lissafi zai kai shi gobe. Ya sani kuwa. Amma ya ce ai Gajere zai karaya, mai tumbi ba ya jure yunwa.

Ranar bakwai da safe aka rubuta da alli a allon bakin zaure: abincin rana na yau sadakar iyalin Daw Mya Yin ne. U Kan Nyunt ya daɗe a gaban allon. Ya ce a zuci, gani, gani. Sannan ya wuce.

Goma da rabi aka buga kututture. Aka fito a jere, maza gefe mata gefe, kowa ya zura silifa. Yawancin layin ya tafi ya bar su biyu a baya, kafaɗa da kafaɗa a tsakar rana. Yau U Sein Pu ya zo da sabon salo, in ya ɗaga ƙafa sai ya tsaya da ita a sama yana lura da niyyar miƙawa. Tirƙashi! U Kan Nyunt ya ɗaga tasa ya tsaya yana lura da niyyar yin niyya.

Kaza ta wuce su da 'ya'yanta. Karen gidan ya zo ya kwanta a inuwarsu, ya yi barci, ya tashi ya tarar inuwar tana nan. Tsohuwar nan ta gindin mangwaro ta iso, ta wuce su, kuma duk da shekarunta na zaman natsuwa sai da ta waigo. Gumi yana bin bayan U Kan Nyunt, cikinsa yana kuka, ƙafar dama da ta rage masa tana rawa. Bai da agogo, amma jikinsa agogo ne, ya san sha biyu saura kwata ta yi, ga kuma taku ashirin a gabansu.

Sai ga Nwe Yi ta fito daga ɗakin girki, gashinta a ɗaure, hannunta duk jan barkono. Ta tsaya a gabansu ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Baba. Kawu. Lafiya kuwa?"

Ji, ji, in ji U Kan Nyunt a zuci.

"Kowa ya ci fa. Har an fara wanke kwanuka. Naku na mayar kan wuta don kar ya huce." Ta rage murya, don ta san dokar wurin. "Baba, tun jiya nake tsinkar ganyen nan, yatsuna har sun tsage. Ka sauke ƙafar nan ka zo ka ci."

Kunya ta kama shi, ta gaske, har kunnuwansa suka yi zafi. Ya so ya sauke. Amma da ya saci kallon gefe, ƙafar Gajere tana nan a sama, babban yatsan ma a miƙe don neman magana.

"Kawu, kai ma? Kai da ba ka iya jiran shayi ya tafasa?"

U Sein Pu ya lumshe ido kamar wanda ya bar duniya.

Nwe Yi ta tsaya tana jira. Minti ɗaya, biyu, uku. Uban ya miƙa ƙafa kamar faɗin tafin hannu. Sai idonta ya kawo ruwa.

"Mutum biyu ne kaɗai suka rage a duniya da suka san ɗanɗanon abincin uwata," ta ce, "ga su nan a rana da ƙafa ɗai-ɗai kamar balbelu. Shi ke nan, ku yi ta yi. Ni na gama da yakuwa."

Tana juyawa iska ta taso daga ɗakin girki, ta kawo tsamin yakuwa da ƙamshin jatan lande, da wani ɗan ƙauri a bayansu.

"Wayyo, kaskona!" Nwe Yi ta kwasa da gudu.

Ƙaurin nan ya shiga hancin U Kan Nyunt, kuma bai ce shaƙa, shaƙa ba. Bai ce komai ba. Warin gidan ma'aikata ne na bayan tasha, ƙarfe sha ɗaya da rabi na kowace rana, kafin jirgin Myitkyina ya shigo. Abin da ya biyo baya ba shi ya yanke shawararsa ba. Ƙafafu dai suka tashi. Ɗaurin zanensa ya kwance, hannu ya cafke shi a hanya, silifa ɗaya ta yi sama ta faɗa randar wanke hannu. Kare ya tashi yana haushi, kaza ta watse. U Sein Pu yana gefensa, tumbi na gaba shi na biye, suka isa ƙofa tare suka maƙale a ciki, sai da wani mai hidima ya turo su daga baya.

Mutum saba'in ne a ɗakin, kowa na ajiye cokali a hankali, duk suka daskare. Agogon bango ya nuna sha biyu saura minti shida.

Nwe Yi ta fito da kasko tana hawaye. "Ya kama, Baba. Ya ƙone ta ƙasa. Kar ku ci, bari in duba ko akwai sauran wake."

Ya karɓe kaskon daga hannunta, ya zube a gaban ɗan teburin ƙasa, ya juye a kan shinkafa har da ƙanzon. Ya cuɗa da yatsu ya kai baki. U Sein Pu ya riga ya zura hannu ta ɗaya gefen.

Ya tauna sau ɗaya, sau biyu, sai ya tsaya.

"Shi ne," ya faɗa da ƙarfi, a ɗakin da aka yi kwana bakwai ba a ji tari mai nauyi ba. "Nwe Yi, shi ne! Me kika sa?"

"Ban sa komai ba, Baba. Na bar shi a wuta ne na fito nemanka."

U Sein Pu ya haɗiye lomarsa. Idonsa ya yi ja, ba na barkono ba.

"To ai ita ma abin da take sawa ke nan," ya ce. "A gidanmu Yaya ba ta taɓa ƙona yakuwa ba, ko sau ɗaya. Sai da ta aure ka. Mya Yin ina hulata, Mya Yin ina usur ɗina, Mya Yin wa ya taɓa min tuta. Kullum sai ta bar kasko a wuta ta je neman abin da ke kanka ko a wuyanka."

U Kan Nyunt ya dubi abin da ke hannunsa. Shekara arba'in yana zaton sirrin a hannunta yake, ita ta zo da shi ita ta tafi da shi. Ashe ganye ne, da wuta, da jirgin sha biyu, da ihunsa, da haƙurinta, duk a kasko ɗaya, kuma ya duba ya rasa inda zai yanka ya ce nan nata ne nan nasa. Sai ya fashe da kuka, kuka sosai, bakinsa cike da shinkafa.

"Ci, Yallaɓai, ci," in ji U Sein Pu yana tura masa ƙanzo. "Saura minti uku. Ka yi kukan bayan sha biyu, shi ba a hana shi ba."

Suka ci kamar masu tsoron a ƙwace. Lomar ƙarshe tana wucewa agogo ya fara bugawa.

Sayado, wanda duk abin nan a kan idonsa aka yi daga inda yake zaune a sama, ya sauko a hankali ya tsaya a kansu. Suka gyara zama da sauri suka haɗa tafuka masu maiƙo.

"Wa ya yi gudun nan?" ya tambaya.

U Kan Nyunt ya nema da gaske. "Ban sani ba, ranka ya daɗe. Ban ga kowa ba. Ƙauri ne kawai, sai gudu."

"Kwana bakwai kana kawo min rahoto," in ji Sayado. "Yau ne ka kawo na farko."

U Kan Nyunt ya share hanci da bayan hannu. "Amma ranka ya daɗe, ƙafata ce ta riga ta Gajere taka ɗakin, ko?"

"Ga shi ya dawo," in ji Sayado. "Sannu da zuwa, shugaban tasha. A je a ciro silifarka daga randa."

Bayan an share wuri aka kawo 'yar buta da kofi don zuba ruwan raba lada. Iyalin marigayiya suka durƙusa su uku, hannun uba a kan butar, na 'ya a kan nasa, na kawu a kan nata. Sayado yana karantawa ruwa yana ɗiga, aka kira sunan Daw Mya Yin ta karɓi rabonta, aka kira duk mai rai ya karɓa, ɗakin ya amsa sau uku. Wannan karon U Kan Nyunt bai yi sauri ba, bai yi jinkiri ba, ruwan ya ƙare daidai da karatun.

Ya raka Nwe Yi bakin ƙofa tana ɗauke da tukwane. Dokar shiru ta riga ta karye yau, sai ya ƙarasa ta.

"In na dawo gida ki ci gaba da dafa shi."

"Baba, ni ban san minti nawa ya yi ba. Ta yaya zan san lokacin da zan bar shi ya kama?"

Ya gyara ɗaurin zanensa, ya ja shi sosai.

"Ke dai ki ɗora," ya ce. "Ni zan ɓatar da hulata."